Lalacewar faifan ajiya a na'urar NAS

Lalacewar faifan ajiya a na'urar NAS yanayi ne da ɗaya daga cikin faya-fayan da ke cikin na'urar yake fara kasa karanta bayanai ko rubuta su daidai, ko kuma ya mutu gaba ɗaya. NAS ƙaramar kwamfuta ce mai ramukan faifai biyu, huɗu ko fiye, wadda ake jonawa da intanet ɗin gida domin wayoyi da kwamfutocin mutanen gidan su riƙa tara hotuna, bidiyo da takardu a wuri ɗaya. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin fitattun masu ƙera ta, wasu kuma suna haɗa tasu da tsohuwar kwamfuta da manhajar TrueNAS. Kalmar faifai, wadda asalinta abin da ake saƙawa a rufe ƙwarya ne, ta dace da wannan kaya, domin a cikinsa akwai zagayayyun farantai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya.

Tsarin RAID

Yawancin na'urorin NAS suna haɗa faya-fayansu a tsarin RAID, sunan da David Patterson, Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yaɗa a wata takarda ta shekarar 1988. A RAID 1, kowane bayani yana kan faifai biyu. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana kuma jure mutuwar ɗaya, saboda yana rarraba wani lissafi a kansu wanda da shi ake sake gano abin da ya ɓace. RAID 6 yana jure mutuwar biyu. RAID 0 ba shi da kariya ko kaɗan: faifai ɗaya ya tafi, komai ya tafi.

Idan faifai ɗaya ya fita daga RAID 1 ko RAID 5, na'urar takan ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Fayiloli suna buɗewa, bidiyo yana tafiya. Wannan ne ke yaudarar mutane su ɗage gyara zuwa wani watan, alhali kariyar ta riga ta ƙare.

Alamomi

Alamar farko yawanci daga na'urar kanta take zuwa: ƙara mai maimaituwa, fitilar ramin faifan ta koma ruwan lemo ko ja, shafin kula da na'urar kuma ya nuna kalmar "Degraded", wato rumbun ya yi rauni. Wani lokaci kwafin fayil yakan yi nauyi ko ya tsaya cak, ko a ji faifan yana ƙas-ƙas.

Faya-fayan zamani suna da tsarin duba lafiyar kansu mai suna SMART, wanda ke ƙirga matsaloli a ƙarƙashin lambobi. Lamba 5 tana nuna yawan guraben ajiya da suka lalace har faifan ya maye su da na ko-ta-kwana. Lamba 197 tana nuna guraben da aka kasa karantawa, ana jiran a ga makomarsu, 187 da 198 kuma kurakuran da ba su gyaru ba. Kamfanin Backblaze na Amurka, mai amfani da dubban faya-fayai, ya bayyana cewa waɗannan huɗu tare da lamba 188 ne yake sa wa ido. Abin lura ya fi ga tafiyar adadin: gurbi takwas da suka tsaya a takwas tsawon shekara ba ɗaya ba ne da takwas da suka zama sittin cikin mako guda.

SMART ba ya ganin komai. Wani bincike da ma'aikatan Google suka wallafa a 2007 a kan faya-fayai fiye da 100,000 ya gano cewa kusan kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba kafin mutuwarsu.

Bincike kafin a cire faifai

Ba kowane gargaɗi ne laifin faifai ba. Idan lamba 199 ce kaɗai ke hawa, matsalar yawanci tana ga waya ko bakin jonawa. Cajar wuta da ta raunana tana iya sa faifai lafiyayye ya riƙa ɓacewa yana dawowa, haka ma zafi idan ƙura ta toshe fanka. A wuraren da ake yawan ɗauke wuta, mutuwar na'urar a tsakiyar rubutu tana iya sa ta fitar da faifan da ba abin da ya same shi, shi ya sa ake haɗa ta da batirin UPS. Gwajin SMART gajere yana ɗaukar mintuna kaɗan, dogon kuma sa'o'i da yawa domin yana bin faifan daga farko har ƙarshe.

Kafin komai, ana kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje. Dogon gwaji da sake gini duka suna wahalar da faya-fayan, don haka kwafin ne ke zuwa da farko.

Musanyawa

Kuskure mafi muni a wannan mataki shi ne zare faifan da ba shi ba. A RAID 5 mai rauni, zare lafiyayye yana tsayar da rumbun baki ɗaya. Don haka ana rubuta lambar rami da lambar shaidar faifan daga shafin kula da na'urar, a gwada ta da wadda ke jikin takardar faifan. Na'urori da yawa suna ba da damar zarewa ba tare da an kashe su ba, amma ba duka ba, kuma kashewa ya fi aminci ga wanda bai tabbata ba.

Sabon faifan dole girmansa ya kai na tsohon ko ya fi. Akwai kuma batun yadda yake rubutu. Faya-fayan SMR suna ɗora layukan bayanai a kan juna kamar jerin kwanon rufi, abin da ke sa su yin nauyi sosai idan aka daɗe ana rubutu ba hutawa. A 2020 an gano cewa Western Digital yana sayar da wasu faya-fayan WD Red masu girman terabayit 2 zuwa 6 da wannan tsari ba tare da ya bayyana ba, masu amfani da ZFS kuma suka yi ta kukan sake gini yana jan kwanaki ko ya gaza. Daga baya kamfanin ya ware masu tsarin CMR da sunan Red Plus. CMR shi ake so a NAS.

Sake gini

Bayan an saka sabon faifai, ana ba na'urar umarnin gyara, sai ta fara cika shi daga abin da ke kan sauran. Aikin yakan ɗauki sa'o'i da yawa, a manyan faya-fayai ma ya wuce kwana ɗaya. A nan ne haɗarin ya fi yawa. Faya-fayan da suka rage galibi rana ɗaya aka saye su da wanda ya mutu, sun yi aiki iri ɗaya a zafi iri ɗaya, ga shi yanzu za a karanta su kaf. A RAID 5 mai faifai huɗu na terabayit 8, sai an karanta terabayit 24 kafin a gama. Takardun faya-fayai masu araha da yawa suna ƙayyade kuskuren karatu ɗaya a cikin kimanin terabayit 12.5, ko da yake a aikace da yawa sun fi haka inganci. Wannan lissafi ne ya sa masu manyan faya-fayai suke karkata ga RAID 6. Gwajin tsabtace rumbu da ake yi wata-wata yana tono irin waɗannan gurabe tun kariya tana nan.

Yayin sake gini ana rage wa na'urar aiki, ba a kashe ta. Idan faifai na biyu ya fara kuskure a tsakiya, ana dakatawa a kwashe abin da ya kwasu tukuna.

Tsohon faifan yakan kasance ɗauke da bayanan gidan. Idan garantinsa bai ƙare ba, wanda shekara uku ne ga WD Red Plus da Seagate IronWolf, ana goge shi kafin a mayar wa kamfani in har yana karɓar rubutu. Wanda ba za a mayar ba ana huda farantansa kafin a zubar.