Daga dokar Nasara zuwa shari'ar Hadijatou Mani

A ranar 12 ga Disamba 1905 Faransa ta fitar da dokar da ta haramta saye da sayar da mutane a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Takardar ta iso ƙasar Adar, amma ba ta sauka daga teburin kumandan ba. A yankin Madawa, Buza da Keita, inda Hausawa manoma ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Abzinawa irin su Kel Geres da Lisawan, Nasara ya fi bukatar haraji da zaman lafiya da sarakuna a kan 'yanta kowa. Kasuwar bayi ta watse, iyayengiji kuwa suka ci gaba da riƙe na cikin gida. A 1946 aka soke aikin dole, dokar Lamine Guèye kuma ta mai da talakawan mulkin mallaka 'yan ƙasa. Da yawa daga jikokin bayi maza sun samu kansu ne ta hanyar cin rani, ba ta bakin alƙali ba. Macen da aka saya aka kai cikin gida ba ta da wannan ƙofar.

Ita ce wahaya. Mai hali da ya cika mata huɗu sai ya sayi ta biyar, yarinya daga zuriyar bayi, babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu gado. Ita ce ɗebo ruwa, ita ce daka, ita ce kiwo, da dare kuma ɗakin maigida. Binciken da Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou suka yi, wanda ya fito a 2012, ya nuna al'adar ta fi ƙarfi tsakanin Birnin Ƙonni, Illela, Madawa da Buza, wasu 'yan matan kuma akan tsallaka da su arewacin Najeriya.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ita ta matsa har majalisa ta sa laifin bautarwa cikin kundin hukunta laifuffuka a 2003, da ɗaurin da kan kai shekara 30. Daga nan ne labarin Hadijatou Mani ya shiga. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ga wani Alhaji mai shekara 46 a ƙasar Ƙonni. Shekara tara tana gidansa a matsayin sa-ɗaka. A watan Agusta 2005 ya ba ta takardar 'yanci, da ta tashi tafiya sai ya ce ina, ai matarsa ce.

Abin da kotuna suka yi da wannan magana shi ne gundarin tarihin. A watan Maris 2006 ƙaramar kotun Ƙonni ta ce babu aure, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Wata uku bayan haka babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci, ta jingina da al'ada, ta ce ɗa yana iya auren baiwa, don haka matarsa ce. A lura, dokar 2003 na nan a lokacin, alƙalin kuma ya ji da kunnensa cewa sayen yarinyar aka yi, amma bai ga laifin da za a bi ba. Kotun ƙoli a Yamai ta soke hukuncin a ƙarshen shekarar kan kuskuren tsari, ita ma ba ta taɓa maganar bautar ba. Da Hadijatou ta auri wanda take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, a 2007 aka yanke mata wata shida, ta kwana gidan kaso. Wanda ya saye ta yana gidansa.

A Amurka, a shari'ar Dred Scott ta 1857, kotun ƙoli ta fito fili ta ce baƙar fata jikan bawa ba ɗan ƙasa ba ne. A ganina abin da ya faru a Ƙonni ya fi wuyar kamawa: babu alƙalin da ya musa cewa Hadijatou 'yar Nijar ce, sai dai da aka zo gabansa asalin uwarta ya rinjayi tsarin mulki.

Kotun CEDEAO, wato ECOWAS, inda Hadijatou ta kai ƙara, ta zauna a Yamai a watan Afrilu 2008, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba. Ta ce bauta ce ƙarara, ta ɗora wa gwamnatin Nijar alhaki saboda alƙalanta sun gani sun kau da kai, ta umarci a biya diyyar sefa miliyan 10. Ba ta ba Hadijatou duk abin da ta nema ba. Zargin nuna bambanci saboda asali, kotun ta ce wannan aikin ubangidan ne, ba na gwamnati ba, kuma nan ne hukuncin ya yi rauni, domin asalin shi ne tushen cinikin. Gwamnati ta amince ta biya.

Sai a watan Mayu 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum mai shekara 63 saboda riƙe wahaya, karo na farko, shekara huɗu kacal. A 2019 babbar kotun ƙasar ta rufe shari'ar Hadijatou da cewa al'adar mata ta biyar ta saɓa wa doka.

Kotun da ta tilasta wa alƙalan gida buɗe ido kuwa, yanzu ta yi wa 'yar Buza ko Madawa nisa. Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, don haka wahayar da ta gudo yau, daga kotun yankinta sai Tawa, daga Tawa sai Yamai.