TSAKIYAR KAKATA: DUTSEN MAKKA KO NA JAMUS?

Yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, tarihin wani dutse ne ɗan ƙarami da ya kusa haɗa ni faɗa da wani dattijo.

Lokacin da kakata ta rasu, Allah Ya jiƙanta, cikin abin da aka tarar a ƙasan adakarta har da wata tsakiya mai ƙwaya goma sha ɗaya, jajaye kamar garwashi, an zarge su da baƙin zare, a tsakaninsu kuma ga wata talhatina mai kusurwa uku. Tun muna yara mun san labarinta. Mahaifin kakar tamu ne ya zo da ita daga aikin hajji, wanda ya tafi a ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan, ya yi shekaru kafin ya dawo. Dutsen Makka muke ce mata, kuma ba a bari yaro ya taɓa. Da aka zo rabon gado sai aka ce in kai wa masu sayen tsofaffin duwatsu su yi mata kuɗi. Dattijon da na kai wa ya ɗaga ta a rana, ya leƙa hudar, ya ɗora ƙwaya ɗaya a kuncinsa, sannan ya ce, "Ɗana, dutse ne na gaske, amma aikin Jamus ne." Wallahi ji na yi kamar ya zagi kakana. Na karɓe abata na fito ko sallama ban yi ba.

Wannan haushin ne ya sa na shiga bincike.

Abin da muke kira tsakiya shi Larabawa ke kira aƙiƙ. Dangin dutsen ƙyastu ne, kuma a ma'aunin taurin duwatsu da ke tashi daga 1 zuwa 10, inda daimon ke kan 10, shi yana kusa da 7. Kwalba da bakin wuƙa ba su kai 6 ba, shi ya sa wuƙa ba ta yi masa zane. Yana da sanyi a fata, ba ya saurin ɗaukar ɗumin jiki kamar kwalba. Ashe abin da dattijon ke gwadawa a kuncinsa ke nan. Jan launinsa kuwa daga tsatsar ƙarfe yake, wadda ke cikin jikin dutsen. Akwai mai ruwan zuma, akwai mai ruwan goro, akwai mai ratsin fari da baƙi.

Daraja kam ya daɗe da ita a wajen Musulmi. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Anas cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne mai dutsen Habasha, wasu malamai kuma suka fassara wannan dutse da aƙiƙ. Sarƙar Nana A'isha da ta tsinke a tafiyar nan da aka yi mata ƙazafi, ta dutsen Zafar ce ta ƙasar Yaman, wanda ɗan uwan aƙiƙ ne mai ratsi. Amma hadisan da masu zobba ke yawan jawowa, wai aƙiƙ na kore talauci, malamai irin su Ibnul Jauzi sun daɗe da cewa ba su inganta ba. Shi kuwa Ahmad al-Tifashi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1253, ya rubuta littafi sukutum a kan duwatsu 25, inda ya kawo cewa aƙiƙ na sanyaya zuciyar mai fushi, kuma mai launin ruwan wankin nama yana tsayar da zubar jini. Kakata ba ta taɓa jin sunan al-Tifashi ba, amma idan yaro ya yi haɓo, tsakiyar nan take ɗora masa a goshi. Ni dai ban yarda dutse na tsayar da jini ba, sai dai yadda magana ta yi shekara ɗari bakwai tana tafiya har ta iso ɗakin tsohuwa, wannan ya ba ni mamaki.

To daga ina 'yan kasuwar Makka ke samo shi? Akwai na Yaman, amma mafi yawan ƙwayoyin da aka huda don wuya daga Indiya suke, daga garin Kambat na jihar Gujarat. Sana'ar ta tsufa ƙwarai a wannan yanki, domin an tono dogayen ƙwayoyin aƙiƙ na mutanen kwarin Indus a kaburburan sarakunan Ur, cikin Iraki ta yau, masu shekara fiye da 4,000. A nan na fara sanin cewa jan da muke so ɗin ma ba haka yake fitowa daga ƙasa ba. Yawanci dutsen kan fito ne fari-fari ko rawaya-rawaya, sai a shanya shi a rana, a zuba a tukwanen ƙasa a gasa, wuta ta nuna tsatsar da ke cikinsa ya koma ja. Daga nan a fasa, a goge, a huda da ɗan tsinke mai ƙwayar daimon a baki. Ta gefe biyu ake hudawa, shi ya sa sau da yawa hudar kan haɗu a karkace a tsakiyar ƙwayar. Jiragen ruwa su kai Jidda da Masar, alhazai da fatake su ƙaraso da shi ƙasashenmu.

Kada mai karatu ya ɗauka duk na waje ne. Muna da namu, wato lantana, jan dutsen da a da fataken Hausawa suka riƙa kawowa daga yankin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau, su bi Kwara da shi sannan su ƙarasa Ilori, inda masu sana'a suka riƙa huda shi da ɗan ƙarfe ta hanyar ƙwanƙwasawa a hankali. A Igbo-Ukwu ma, tonon da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ya fito da ƙwayoyin ado sama da 100,000 na kwalba da na aƙiƙ, masu shekara wajen dubu.

Yanzu sai Jamus. A da akwai wasu garuruwa biyu maƙwabta a yankin kogin Nahe, Idar da Oberstein, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna haƙar aƙiƙ a duwatsunsu. Da manyan duwatsun wasa suke gogewa, ruwan rafi ke juya su, ma'aikaci ya kwanta rub da ciki a kan benci yana danna dutse da dukkan ƙarfinsa, ƙura na cin huhunsa. A farkon ƙarni na 19 dutsensu ya yi ƙaranci, talauci ya kori wasu zuwa Birazil. A can, a jihar Rio Grande do Sul, suka ci karo da aƙiƙ birjik, kuma a 1834 aka fara kai shi gida. Matsalarsa ɗaya, yawancinsa ruwan toka ne. Sai suka ƙware a rini: a jiƙa shi a ruwan sukari ko zuma sannan a dafa a ruwan asid ya zama baƙi, a jiƙa shi a ruwan sinadarin ƙarfe a gasa ya zama ja. Suka samo samfurin abin da mutanen Afirka da Larabawa ke so, suka kwaikwayi aikin Indiya, suka riƙa tura miliyoyin ƙwayoyi ta Alƙahira da sauran tashoshi, wasu har kasuwannin alhazai. Nasu ya fi santsi, kusurwoyinsa sun fi daidaita. Bayansu kuma masu kwalba na Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, suka fito da na jabu mai arha, wanda ake gane shi da layin haɗi a gefe da ƴan kumfa a ciki. Irin wannan kaya na daga cikin abin da ya durƙusar da sana'ar lantana a Ilori.

Da na kai nan sai jikina ya yi sanyi. Na ɗauko tsakiyar na zare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, na riƙa zura allura. Takwas hudarsu miƙe take sambal, gefensu kamar an auna da ma'auni, haka ma talhatinar. Uku kuwa sun ɗan fi duhu, ba su daidaita ba, allura na tuntuɓe a cikinsu. Wato dattijo bai yi ƙarya ba, kakana ma bai yi ba. A Makka ya saya da kuɗin guminsa, amma ga dukkan alamu mafi yawan dutsen a Birazil aka haƙo shi, a Jamus aka rina shi, ya zo ya haɗu da uku na Indiya a zare ɗaya.

Na koma wajen dattijon na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba ni ne farau ba, har ya taya ukun nan da kuɗin da ya fi na sauran takwas ɗin a haɗe, domin wai su Turawa masu tarawa ke nema. Ban sayar ba. Na biya magada kuɗin da ya yanka daga aljihuna, ƙanwar mahaifiyata ta sake zarge ta da sabon zare, tana yi tana mita wai na ɓata mata jerin da uwarta ta yi.