Kuskuren rashin kwamfaila

Kuskuren rashin kwamfaila matsala ce da ke tsayar da aikin gina manhaja daga rubutunta na tushe, galibi a tsarin Linux. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya rubutun harshen C ko makamancinsa zuwa harshen inji. Wadda ta fi shahara ita ce GCC, wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a shekarar 1987.

Yadda yake faruwa

Kafin a fara gini, umarnin ./configure yana binciken kwamfuta don ganin ko kayan aiki sun cika. Idan bai samu kwamfaila ba sai ya tsaya da saƙon "no acceptable C compiler found in $PATH". PATH jerin manyan fayiloli ne da tsarin ke dubawa in an kira umarni. Ke nan ko dai ba a girka kwamfailar ba, ko tana nan amma a wajen jerin. Umarnin gcc --version ne matakin farko na ganewa.

Akwai saƙo na biyu, "C compiler cannot create executables", wanda ya fi rikita ɗalibai domin kwamfailar tana nan. Sau da yawa abin da ya rage shi ne binutils ko libc6-dev, kuma ainihin dalilin yana rubuce cikin config.log, fayil ɗin da ba kowa ke damuwa ya buɗe ba.

Gyara

A Debian da Ubuntu ana girka build-essential, wanda ke kawo gcc, g++, make da libc6-dev gaba ɗaya. A Arch sunansa base-devel. A macOS kuwa xcode-select --install yana girka Clang.

Inda babu intanet

Duk waɗannan umarnai suna buƙatar intanet. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar 'yan bindiga. A irin wannan hali ana sauke fayilolin .deb a wata kwamfutar mai intanet, a kawo su a filash, a girka da dpkg -i. Dole ne sigar tsarin kwamfutocin biyu ta zama ɗaya, kuma a haɗa da duk fayilolin da kwamfailar ta dogara da su, in ba haka ba girkin zai tsaya a tsakiya. Manhajar apt-offline tana tattara jerinsu da kanta.