Tsibiran Dutse a Tekun Yashi: Nazarin Yanayin Ƙasa da Wuraren Ziyara a Masarautar Dutse

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi duwatsun Dutse da na Birnin Kudu, da jigayin da ke kewaye da su, a matsayin ginshiƙin duk wani shiri na yawon buɗe ido a tsakiyar Jihar Jigawa. An dogara da sakamakon binciken masana ilimin duwatsu, da abin da Tarihin Kano ya ruwaito, da ruwayoyin baka, sannan aka kwatanta da ƙasashe biyu na Tekun Fasifik, wato Palau da Nauru. Maƙalar na ganin cewa duwatsun nan dukiya ce mai iyaka, kuma abin da ya fi gaggawa a kansu shi ne shata musu iyaka da samar da bayani ga mai ziyara.

Gabatarwa

Sunan jihar da na babban birninta sun riga sun faɗi yanayin ƙasar tun kafin a buɗe taswira. Jigawa ita ce ƙasa mai rairayi, Dutse kuwa ba ya buƙatar fassara. An ƙirƙiri jihar ranar 27 ga Agusta, 1991, daga tsohuwar Jihar Kano, tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar: Dutse, Haɗeja, Kazaure, Gumel da Ringim. Wannan nazari ya tsaya ne kan Masarautar Dutse, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Dutse, Kiyawa, Jahun, Miga, Buji, Birnin Kudu da Gwaram.

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya ya san yadda ƙasar take shimfiɗe, gonakin gero da dawa iya ganin ido, sai can ya hango duwatsu sun taso ba tare da wani tudu da ya yi musu share fage ba. Masana yanayin ƙasa suna kiran irin wannan dutse da wata kalmar Jamusanci, inselbag, ma'anarta tsaunin da ya zama tsibiri. Daga wannan kalma maƙalar ta ɗauki mizaninta. Tsibiri yana da baki, yana da iyaka, kuma abin da aka ɗebe daga cikinsa ba ya komawa.

Asalin duwatsun

Ƙasar Jigawa tana zaune ne a kan mahaɗar shimfiɗu biyu. Kudu da yamma akwai tsohon dutsen tushe, wanda shekarunsa suka haura miliyan 500. Arewa maso gabas kuwa yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi ne suka lulluɓe shi. Dutse na kusa da inda biyun suka haɗu, shi ya sa cikin tafiya kaɗan ake barin falalen dutse a faɗa rairayi.

Sai dai duwatsun da suka ba garin suna ba su cikin wannan tsohon tushe. Suna cikin jerin da masana ke kira sababbin giranet, waɗanda suka samu daga narkakken dutse da ya ɓullo daga ƙasa, ya yi aman wuta a sama, ragowarsa ta daskare a ciki cikin siffar zobe. Ruwa da iska suka share samansa cikin miliyoyin shekaru, abin da muke gani yau saiwarsa ce. Jerin ya taso tun daga duwatsun Azbin a Nijar, ya bi ta Damagaram, ya shigo Nijeriya, ya bi ta Dutse, ya ratsa Birnin Kudu da Fagam da Shira da Ningi, ya hau tudun Jos, ya ƙare a Afu cikin Jihar Nasarawa. Awon shekarun duwatsun ya nuna abin mamaki: suna raguwa ne daga arewa zuwa kudu. An ƙiyasta na Dutse da kimanin shekara miliyan 213, na Afu kuwa kimanin miliyan 141. Ke nan a ɓangaren Nijeriya na wannan jeri, duwatsun Dutse na cikin mafiya tsufa.

Irin wannan jerantuwar shekaru ita ce aka sani game da tsibiran Hawayi a Tekun Fasifik, inda ƙasa ke zamewa a kan wata matattarar zafi da ke can ƙarƙashi, tsibiran suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wasu masana sun yi amfani da wannan bayani a kan jerin namu, wasu kuma sun fi danganta shi da tsagewar ɓawon ƙasa. Ko wanne aka bi, ɗalibin da ya hau dutsen Garu, tsohuwar unguwar Dutse, yana tsaye ne a kan wani babi na tarihin duniya da ake karantarwa a jami'o'i, kuma kaɗan ne daga masu hawan aka taɓa gaya musu haka.

Jigayin ma suna da nasu labarin. A yankin Jahun da Kiyawa ana ganin dogayen tuddan rairayi a jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato kan hanyar iskar hunturu. Ragowar wani zamanin fari ne, lokacin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take a yau. Da damina ruwa na taruwa a kwarin da ke tsakaninsu ya zama fadama, inda ake shinkafa da noman rani.

Garu da tarihin zama a cikin dutse

Mutane ba su zauna a nan don kyan gani ba. Dutse ganuwa ce da ba a gina ta da hannu ba, kuma gindinsa na riƙe ruwa. Ruwayar baka ta danganta kafuwar garin da wani maharbi mai suna Duna Magu, kuma ta ce daga gadar da ta gifta masa wur aka samo sunan Dutse Gadawur. Tarihin Kano ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, sannan ya sake ambatonta lokacin da Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) ya kai mata yaƙi a zamanin sarkinta Ada. Garin da Kano za ta ɗaura wa ɗamara haka ba ƙaramin gari ba ne. Bayan jihadi mulki ya koma hannun Fulani ƙarƙashin Salihi da Musa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta Jihar Kano ta ɗaga Dutse zuwa masarauta a 1981, aka soke matakin a 1983, sai ƙirƙiro Jigawa ya dawo mata da matsayinta.

Tsohuwar unguwar Garu, inda asalin fadar take a tsakiyar duwatsu, ita ce cibiyar wannan tarihi, kuma hawan Sallah shi ne lokacin da garin ya fi ganin baƙi. Marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, ya shahara da dashen itatuwa, kuma shi ya samar da filin wasan golf na Dutse. Ga dabino, wanda ya sa cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa ta kafa reshenta na binciken dabino a garin. Tun daga 2011 akwai Jami'ar Tarayya, a 2014 kuma aka buɗe filin jirgin sama. Hanyar zuwa dai ta samu.

Zanen Birnin Kudu

A nan ne maganar ta fi nauyi. A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, musamman Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu da Dutsen Zango, akwai zane-zanen da mutanen zamanin dā suka yi a jikin kogunan dutse. Labarinsu ya kai ga masana a shekarun 1950, kuma Bernard Fagg na sashen kula da kayan tarihi, wanda aka fi sani da aikinsa kan gumakan Nok, yana cikin waɗanda suka fara nazarinsu. Yawancin zanen na shanu ne, an yi su da jan launi da fari da baƙi.

Abin lura shi ne irin shanun. Da yawansu ba su da tozo, wasu masu dogayen ƙaho, wasu gajeru. Duk ɗan Jigawa ya san cewa shanun da ke kiwo a yankin yau, Bunaji ne ko Rahaji, masu tozo ne. Marasa tozo sun fi daɗewa a Afirka ta Yamma, kuma a yau galibi a kudu ake samun danginsu, kamar muturu. Saboda haka bangon dutsen yana riƙe da shaidar wani zamanin kiwo da ya gabaci wanda muka sani, shaidar da babu wani rubutaccen tarihi na ƙasar Hausa da ya kai gare ta.

Kusa da zanen akwai kugen dutse, wato duwatsun da idan aka buga su da ƙaramin dutse suke ba da amo kamar ƙarfe. Ramukan da ke jikinsu sun nuna daɗewar bugun. A Birnin Kudu ne Fagg ya fara bayyana wa duniyar ilimi irin wannan kayan kiɗa a tsakiyar shekarun 1950, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu sassan Nijeriya da Afirka. An kuma rubuta cewa 'yan mata kan je wajen duwatsun a hidimar aure. Wannan na nuna wurin bai mutu da masu zanen ba, al'ummar garin ta ci gaba da hulɗa da shi ta hanyarta. An sanya wuraren cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin kula da su, tana da cibiyar bayani a garin.

Barazanar da ke fuskantar zane irin wannan sananniya ce: hayaƙin wuta a cikin kogo, rubutun suna da gawayi ko alli, shafa hannu, watsa ruwa don launin ya fito a hoto, gine-ginen da ke matsowa, sai kuma fasa dutse. Launin da ya jure rana da ruwa na ɗaruruwan shekaru yana iya tafiya a yini ɗaya.

Darasi daga Fasifik

Nauru tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 21. An fara haƙar fosfet a cikinsa, wanda ake takin zamani da shi, a farkon ƙarni na 20. Bayan samun 'yanci a 1968 ƙasar ta shiga sahun masu arziki idan aka raba kuɗin shiga da yawan jama'a. Da ma'adinin ya ja baya, sai aka tarar kusan kashi 80 cikin 100 na tsibirin ya zama kufai mai tsinin duwatsu, ba noma ba gini.

Palau, wadda ta sami 'yanci a 1994 kuma mutanenta ba su kai 20,000 ba, ta bi wata hanyar. Tsibiranta na dutse, su 445, sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na Hukumar UNESCO a 2012. Ana biyan kuɗin izini kafin shiga, akwai wuraren da aka hana taka su sam, kuma tun Disambar 2017 kowane baƙo sai ya sa hannu a kan alkawarin kare muhalli da ake buga masa a fasfo.

Ba a kawo waɗannan misalai don a ce Dutse za ta zama Palau ba. Palau tana da teku da baƙin da ke zuwa da kuɗin waje, mu kuwa baƙinmu na farko 'yan makaranta ne da 'yan uwan da suka zo Sallah. Amma tambayar da ƙasashen biyu suka fuskanta ita ce a gabanmu: wane ɓangare za a ci, wane za a bari. Babban birni mai girma yana buƙatar tsakuwa don titi da gini, kuma matasa da mata da yawa a gindin duwatsun nan da fasa dutse suke ci. Wanda ya ce a hana gaba ɗaya bai san halin da ake ciki ba. Abin da ake nema shi ne a bambance dutsen da za a fasa da wanda ba za a taɓa ba, tun kafin buƙata ta yanke hukuncin da kanta.

Abin da nazarin ya nuna

Sau da yawa idan ana zancen yawon buɗe ido a jihohinmu, tunani na tafiya kan otal da wurin shaƙatawa. A ganina wannan sa keke ne gaban doki a yanayin Dutse. Abin da ke mayar da dutse wurin ziyara shi ne bayani. Mutumin da aka kai Dutsen Mesa ba tare da mai yi masa jagora ba zai ga jan tabo a bango ya juya. Wanda aka nuna wa bayan saniyar, aka tambaye shi ina tozon, ba zai manta ba.

Don haka aikin farko na taswira ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da masarauta, da hukumar kayan tarihi za su iya haɗuwa su auna kowane dutse mai zane, ko kuge, ko alaƙa da tarihin Garu, a shata masa iyaka da tazarar da ba za a yi gini ko fasa ba, a shigar da shi cikin tsarin birni. Dagatai da masu unguwanni su ne suka san sunan kowane dutse da abin da ake faɗa a kansa, kuma dattawan da ke riƙe da waɗannan ruwayoyi suna raguwa, saboda haka naɗar muryoyinsu ba aikin da za a jinkirta ba ne.

Bayan wannan sai allunan bayani da Hausa, boko da ajami, da horar da matasan unguwannin da ke gindin duwatsun su zama 'yan jagora da ake biya, domin wanda yake ci daga tsayuwar dutse shi ne zai tsare shi. Tazarar wuraren ma ta taimaka. Ana iya fara yini a Garu, a wuce Birnin Kudu kafin azahar, washegari a bi ta jigayin Jahun a nufi dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, wanda ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2008, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Lokacin da ya fi dacewa da wannan zagaye shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da zafi ya sauka, hanyoyin fadama suka bushe, makarantu kuma suna zama.