Manhajar ƙari ta sabon tab

Manhajar ƙari ta sabon tab ƙaramar manhaja ce da ake girkawa a cikin burauza domin ta maye gurbin shafin da ke fitowa duk lokacin da mutum ya buɗe sabon tab. Tab shi ne kowane ɗaya daga cikin shafukan da ake jerawa a taga guda ta burauza, kuma a kwamfuta ana buɗe sabo ta hanyar danna Ctrl da T tare, ko Command da T a kwamfutocin Mac. Shafin da kamfanin burauzar ya tsara yakan ƙunshi akwatin bincike da gajerun hanyoyi zuwa shafukan da aka fi ziyarta. Idan aka girka manhajar ƙari, sai mai amfani ya riƙa ganin abin da ya zaɓa: hoto, agogo, hasashen yanayi, jerin ayyukan yini, ko fili fari fat babu komai. An fi samun irin waɗannan manhajoji a Google Chrome, Mozilla Firefox da Microsoft Edge.

A ido shafin ba wani abu ba ne, amma mai aiki da kwamfuta yana ganinsa sau da dama a yini, kuma yana ganinsa ne a daidai lokacin da bai riga ya nufi ko'ina ba. Duk wanda ke riƙe da wannan fili yana da ta cewa a kan inda mutum zai shiga da kuma injin binciken da zai yi amfani da shi. Wannan ne ya sa masu tsara manhajoji masu amfani suke son shafin, kuma shi ne ya sa 'yan talla da 'yan damfara suke sonsa.

Tarihi

A farkon zuwan tab, sabon tab fanko yake buɗewa. Burauzar Opera ce ta yi fice wajen cike wannan gurbi, lokacin da ta fito da Speed Dial a sigarta ta 9.2 a watan Afrilun 2007, wato akwatuna tara da mutum zai liƙa shafukan da yake so. Google Chrome ta fito a watan Satumban 2008 da shafin da ke nuna ƙananan hotunan shafuka tara da aka fi shiga, Safari 4 ta biyo baya a 2009 da Top Sites, sannan Firefox 13 ta kawo nata a watan Yunin 2012.

Chrome ta fara karɓar manhajojin ƙari ga kowa a sigarta ta 4 a watan Janairun 2010, kuma a watan Disambar shekarar aka buɗe kantin Chrome Web Store. Firefox ta daɗe da nata tsarin, amma a watan Nuwamban 2017, da fitowar Firefox 57, ta koma kacokan kan tsarin WebExtensions, wanda ya yi kama sosai da na Chrome. Edge ma ta koma kan tushen Chromium a watan Janairun 2020. Saboda haka manhaja guda tana iya aiki a burauzojin uku da ɗan gyara kaɗan.

Yadda take aiki

A fasahance, manhajar ba ta wuce shafin intanet na yau da kullum da aka ajiye a cikin kwamfutar mai amfani ba. Ana rubuta ta da HTML, CSS da JavaScript, a haɗa da wani fayil mai suna manifest.json wanda ke bayyana sunanta, sigarta da izinin da take nema. A cikin wannan fayil akwai layin chrome_url_overrides, inda ake rubuta newtab tare da sunan fayil ɗin da za a nuna. Da zarar burauza ta karanta wannan, sai ta ajiye nata shafin ta riƙa buɗe na manhajar. A Chrome ana iya maye gurbin shafin tarihin bincike ko na shafukan da aka adana ta wannan hanya, sai dai manhaja ɗaya shafi ɗaya kawai aka yarje mata ta taɓa.

Akwai wasu iyakoki. Chrome ba ta barin manhaja ta sauya sabon tab a tagar sirri ta Incognito. Idan manhajoji biyu suka nemi shafin, guda ce kawai za ta samu, galibi wadda aka girka daga baya. Haka kuma alamar rubutu tana fara tsayawa ne a layin adireshi na sama, ba a cikin shafin ba, domin wanda ya buɗe tab don rubuta adireshi kada a tsare masa hanya.

Sauya shafin kaɗai ba ya ba manhaja damar ganin bayanan mutum. Sai ta nemi izini daban kafin ta nuna shafukan da aka fi ziyarta, ko waɗanda aka adana, ko ta san garin da mutum yake domin hasashen yanayi. Burauza tana lissafa manyan izinin a lokacin girkawa. Tun daga tsarin Manifest V3, wanda ya zo da Chrome 88 a watan Janairun 2021, an hana manhajoji ɗauko umarnin JavaScript daga wata saba ta waje. Dole duk umarnin ya kasance cikin kunshin da aka miƙa wa kanti domin dubawa.

Sauƙin aikin ya sa malamai da dama suke fara koyar da rubuta manhajar ƙari da wannan misali. Fayil biyu sun isa. Ɗalibi zai shiga chrome://extensions, ya kunna yanayin masu haɓaka manhaja, ya nuna wa burauzar babban fayil ɗin da ya ajiye aikinsa, nan take ya ga shafinsa a sabon tab.

Ire-irensu

Waɗanda suka fi shahara su ne masu haɗa hoto da tsarin aiki. Momentum tana nuna hoton wani wuri mai kyau da ke sauyawa kullum, da agogo, da gaisuwa da sunan mai amfani, sannan ta tambaye shi babban abin da ya sa a gaba a ranar. Tana da sigar kyauta da ta biya. Tabliss tana yin kusan irin wannan, sai dai kyauta ce kuma buɗaɗɗen tushe gare ta, wato kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta, kuma tana iya ɗauko hotuna daga Unsplash. Google ma ya fitar da nasa: Earth View mai nuna hotunan doron ƙasa daga tauraron ɗan'adam, da ta Google Arts & Culture mai nuna zane-zane daga gidajen tarihi.

Wasu kuma bin sahun Speed Dial suke yi, su cika shafin da gumakan shafuka da za a iya jerawa rukuni-rukuni, kamar Infinity New Tab. Tab for a Cause tana nuna talla da gangan, ta ba ƙungiyoyin agaji wani kaso na kuɗin. Akwai kuma waɗanda aikinsu ɗaya ne tak, su tura sabon tab zuwa adireshin da mutum ya rubuta, kamar New Tab Override ta Firefox.

Ba kowane gyara ne ke buƙatar manhaja ba. Tun daga Chrome 69 a watan Satumban 2018 ana iya sa hoton bango da gajerun hanyoyi daga cikin burauzar kanta, kuma Firefox da Edge suna da irin waɗannan zaɓuɓɓuka a saitunansu. Wanda hoto kawai yake so, wannan ya wadatar da shi.

Kuɗi da haɗari

Yawancin manhajojin kyauta ne, amma masu su suna neman abin kai wa bakin salati. Hanyoyin da aka saba su ne sayar da sigar biya, nuna talla, ko sa akwatin bincike da ke tura mutum zuwa wani injin bincike wanda ke biyan lada a kan kowane binciken da aka kai masa. Hanya ta ƙarshe ce ta fi haifar da matsala. Kantunan manhajoji sun sha cika da masu tallata hotunan 'yan ƙwallo, motoci ko jaruman fim, alhali hotunan lulluɓi ne kawai, ainihin hajar ita ce akwatin binciken da ke tsakiyar shafin. Duk abin da mutum ya rubuta a ciki yana bi ta sabar masu manhajar kafin ya isa inda za shi, kuma abin da mutane ke bincike ya haɗa da cututtukansu, basussukansu da sirrin gidajensu.

Mafi muni su ne waɗanda ba a ma nemi yardar mutum ba. Sukan shigo a maƙale da wata manhajar kyauta da aka sauke, ko ta shafin da ke cewa sai an girka wani abu kafin bidiyo ya buɗe. Ana kiran wannan satar burauza. Alamominsa sun haɗa da sabon tab da ya sauya ba tare da an taɓa shi ba, sakamakon bincike daga injin da ba a sani ba, da talla mai yawa fiye da da. Wata matsalar da ba a cika lura da ita ba ita ce manhaja tana sabunta kanta ba tare da tambaya ba. Idan mai ita ya sayar da ita ga wani, sabon mai ita zai iya cusa talla ko bin diddigi, masu amfani kuwa suna nan da sunan da suka sani da hoton da suka saba gani.

Kamfanonin burauza sun yi ta toshe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A 2014 Chrome ta hana girka manhajar da ba daga kantinta take ba a kwamfutocin Windows, kuma ta fara aiki da dokar cewa kowace manhaja manufa ɗaya za ta kasance da ita. A 2018 ta soke damar girka manhaja kai tsaye daga shafukan waje. Idan wata manhaja ta sauya sabon tab, Chrome takan fito da tambaya ko mutum yana son ya bar sauyin ko a mayar masa da na da. Misalin Firefox ya fi nuna girman matsalar. A da akwai wani saiti mai suna browser.newtab.url da kowa zai iya rubuta adireshin da yake so a ciki. Miyagun manhajoji suka yi ta sauya shi a ɓoye, har Mozilla ta cire shi a Firefox 41 a watan Satumban 2015. Masu amfani da shi da gaskiya suka rasa abin da suka saba da shi, kuma wannan giɓi ne New Tab Override ta zo ta cike.

Abin da ya fi saurin tona asirin manhaja shi ne izinin da take nema. Mai nuna hoto da agogo ba ta da dalilin neman karantawa da sauya bayanai a duk shafukan da mutum ke shiga. Bayan wannan akwai batun nauyi: shafin da ke sauke babban hoto, yanayi da labarai yana jinkirta buɗewar tab a tsohuwar kwamfuta, kuma yana cin data ga wanda yake sayenta da awo.

Cirewa

Ana ganin jerin manhajojin da aka girka a chrome://extensions a Chrome, edge://extensions a Edge, da about:addons a Firefox. Kashe manhajar ko cire ta yana dawo da shafin asali nan take. Idan ta sauya injin bincike, sai a duba saitunan bincike daban. Idan kuma ta dawo bayan an cire ta, ko burauza ta nuna cewa wata hukuma ce ke kula da ita alhali kwamfutar ta mutum ce shi kaɗai, to akwai wata manhaja a cikin kwamfutar da ke mayar da ita, kuma ita ce za a nema a cire.

A wayar hannu

Chrome ta wayoyin Android ba ta karɓar manhajojin ƙari kwata-kwata, don haka masu shiga intanet ta waya, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, sai dai su yi amfani da saitunan da burauzar ta tanada, kamar ɓoye labaran da ke ƙasan shafin ko cire gajerun hanyoyin da ba sa so. A ɓangaren Apple, iOS 15 da iPadOS 15 sun kawo manhajojin ƙari ga Safari ta iPhone da iPad a 2021, ciki har da masu sauya shafin farko, kuma ana sauke su ne daga App Store kamar sauran manhajojin waya.