Masallacin Yama: Ginin da Gayya ta Tayar

A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, akwai wani ƙauye da ake kira Yama. Mutanensa manoma ne, kuma ba ya cikin garuruwan da ake jin sunansu a labarai. Amma masu nazarin gine-gine a Turai da ƙasashen Larabawa sun san shi, saboda wani masallaci na ƙasa da mutanen garin suka gina da hannunsu.

Labarin ya faro ne a shekarar 1962, shekara biyu bayan Nijar ta samu 'yancin kai. A lokacin Yama ba ta da masallacin Juma'a, sai ƙananan masallatai na unguwa. Dattawan gari suka zauna suka yanke shawarar gina nasu. Ba su rubuta wa gwamnati takarda ba, ba su kuma jira wani attajiri daga birni ba. Sun danƙa aikin a hannun wani ɗan garin, Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda bai yi karatun zanen gini a wata makaranta ba.

Yadda aka raba aikin shi ne abin lura. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa. Mai hali ya ba da kuɗi ko hatsi, wanda ba shi da shi ya ba da ƙarfinsa. Wasu suka haƙo ƙasa, wasu suka kwaɓa ta da ciyawa suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka shiga daji neman itace. Duk wanda ya san Adar ya san ɗibar ruwan gini a can ba ƙaramin aiki ba ne. Wannan ita ce gayya, wadda Bahaushe ya saba yi a gona, aka juyo da ita wajen gina ɗakin Allah. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ginin farko ba shi da wani ado. Zaure ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai a jere suna riƙe da rufin itace da ƙasa, sai mihrabi da ya ɗan fito waje ta gabas. Haka aka yi ta salla a cikinsa fiye da shekara goma.

A 1975 rufin ya buƙaci gyara. Ka tuna, mai karatu, lokacin ƙasar Sahel ba ta daɗe da fita daga farin da ya kashe dabbobi ya kori mutane daga garuruwansu ba. Duk da haka mutanen Yama suka sake taruwa. Falke Barmu bai tsaya ga toshe yoyo ba, sai ya sauya tsarin rufin gaba ɗaya. Ya ɗora shi a kan bakuna irin waɗanda maginan Hausa ke kira bakan gizo, wato itatuwa ake ɗaurewa a lanƙwasa su, a lulluɓe da ƙasa har su zama ƙashin bayan rufi. A tsakiya kuma ya tayar da ƙubba. Daga baya, zuwa 1982, aka ƙara hasumiyoyi huɗu a kusurwoyin ginin, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta. Shekara ashirin ke nan ana gini ɗaya, ana yi ana hutawa, gwargwadon abin da damina ta bayar.

A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa duk bayan shekara uku ga fitattun gine-gine a ƙasashen Musulmi. Ayyuka shida aka zaɓa a wannan zagaye. Cikinsu akwai gyaran Masallacin Ƙudus da kuma raya tsohon garin Mostar na ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci. A wannan sahu aka sa aikin manomin Adar. Shekara uku kafin nan, masallacin ƙasa na Niono a Mali, wanda magini Lassina Minta ya gina, shi ma ya samu wannan lamba.

Sai dai lambar yabo ba ta hana ruwan sama zaizaye bango. Ginin ƙasa yana son yaɓe, yana son a duba indararo kafin damina, a cike tsaga tun tana ƙarama. Shi ya sa rayuwarsa take ɗaure da zaman lafiyar masu shi. A Jenne ta Mali, inda babban masallacin yanzu ya tsaya tun 1907, gari ne sukutum ke fitowa kowace shekara a yi masa yaɓe. Ranar da mutane suka daina fitowa, ranar ginin zai fara komawa ƙasar da aka haƙo shi.

Wani lokaci kuma ba sakaci ke cinye irin waɗannan gine-gine ba, wadata ce. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an lulluɓe shi da sabon gini na zamani a shekarun 1970. A ƙauyukanmu da yawa, ɗan gari kan dawo daga ci-rani da kuɗi, a rushe na ƙasa a sa bulo da kwano. Niyyarsa mai kyau ce, Allah ya ba shi lada. Amma ɗakin kwano zafi gare shi da bazara, kuma idan ya lalace sai an nemo kuɗi da ma'aikaci daga birni. Jama'ar da a da suke masu gini sai su koma 'yan kallo.

Akwai wata hanyar. A Dandaji, shi ma a jihar Tawa, akwai tsohon masallaci da ake danganta tsarinsa ga Falke Barmu. Da ya tsufa ya yi wa jama'a kaɗan, ba a rushe shi ba. Masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara ta Nijar da Yasaman Esmaili ta Iran suka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci a gefensa da bulon ƙasa da aka matse da inji. An kammala aikin a 2018.

Tambayar da ta rage ga kowane ƙauye, ko masallaci yake da shi ko majami'a, ita ce: idan bango ya tsage bana, mutum nawa za su fito da kwandon ƙasa a ka ba tare da an biya su ba? Mutanen Yama sun ba da tasu amsar tun 1962.