Tarihin wa'adi da takunkumi a manhajojin gwaji na kwamfuta

Manhajar gwaji ita ce wadda mai ita ke saki kyauta amma a tauye, domin a ɗanɗana kafin a saya. Mutane da dama sun ɗauka wa'adin kwana 30 shi ne asalin wannan tauyewa. Tarihin na'urorin kansu bai goyi bayan haka ba: ƙirga kwanaki daga baya ya zo, kuma rashin agogo ne ya jinkirta shi.

Kwamfutocin gida na farko ba sa riƙe kwanan wata idan an kashe su. ZX Spectrum da Commodore 64, waɗanda suka fito a 1982, galibi daga kaset ake loda musu manhaja, kuma da zarar an kashe su komai ya goge. Ita kanta IBM PC ta 1981, sai mai aiki da ita ya rubuta kwanan wata da hannunsa duk sanda ya kunna; in bai rubuta ba, sai ta ɗauka ana 1 ga Janairun 1980. Manhajar da ba ta san yau ba, ina za ta san an kwana 30? Shi ya sa masu sana'ar suka datse aiki maimakon lokaci: wasa ya tsaya a matakin farko, manhajar rubutu ta ƙi adanawa ko bugawa a takarda. A ƙarshen shekarun 1980 mujallun Birtaniya irin su Crash da Your Sinclair sun riƙa liƙa kaset mai ɗauke da irin waɗannan wasanni a bangonsu. Wani zai ce ai an yi wasannin da ke yankewa bayan 'yan mintoci. Haka ne, sai dai daga lokacin lodawa ake ƙirga mintocin, kuma wanda ya sake lodawa ya koma farko.

A Amurka ma ba da takunkumi aka fara ba, da amana aka fara. A 1982 Andrew Fluegelman ya saki PC-Talk cikakkiya, ya roƙi wanda ya amfana ya aiko da dala 25. Jim Knopf ya yi haka da PC-File, Bob Wallace ya biyo baya da PC-Write a 1983. Ƙungiyar masu irin wannan sana'a, Association of Shareware Professionals, da aka kafa a 1987, har hana mambobinta tauye manhaja ta yi, kuma wannan doka ta fi kowace hujja nuna yadda suke kallon lamarin. Matsalar ita ce masu biya ba su da yawa, musamman a wasanni. Scott Miller na kamfanin Apogee ya sauya salo da Kingdom of Kroz a 1987: kashi na farko kyauta, sauran sai da kuɗi. Doom ta kamfanin id Software, a Disambar 1993, ta bi wannan hanya, kashi ɗaya cikin uku kyauta, ba tare da ƙirga kwana ko ɗaya ba.

IBM PC/AT ta 1984 ta zo da agogo mai batir, amma bai dace a ɗauki shekarar a matsayin mafarin wa'adi ba, domin sai da irin wannan agogo da ma'ajiyar dindindin suka game gidaje kafin manhaja ta sami inda za ta ɓoye ranar da aka girka ta. Tsakiyar shekarun 1990 ya fi kusa da gaskiya. Ko a nan akwai sassauci: WinRAR ta 1995 ta ba da kwana 40, amma bayan sun cika tunatarwa kawai take yi. Windows XP ta 2001 kuwa ta kan kulle bayan kwana 30 idan ba a tabbatar da lasisi ba.

Wannan zangon ƙarshe na wa'adi ne mutanen garuruwa irin su Gwandu da Kalgo suka riska, ta shagunan intanet da buga takardu, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013 da mazauninta a Kalgo, da komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Daga cikin wa'adin da aka saba gani akwai na manhajojin riga-kafin cutar kwamfuta da kwana 30 na Internet Download Manager.